Gwangwanin da na samu a Wankan Bayi

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, na faɗa wani wasa da har yau mutanen gidanmu ke ɗauka ƙaramar hauka ce. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san shi, amma saboda sababbin zuwa bari in ɗan yi bayani. Jiyokashin ake ce masa, mu dai farautar gwangwani muke kiransa. Wani zai sami ɗan gwangwani ko roba mai murfi, ya saka ƙaramin littafi da fensir da 'yan tarkace, ya ɓoye a wani wuri, sannan ya sa lambobin wurin a intanet da sunan bogi. Kai kuma ka bi taswirar wayarka har ka gano shi, ka rubuta sunanka a littafin, in ka ɗauki abu ka ajiye wani, ka mayar yadda ka tarar. Shi ke nan. Ba kofi, ba kyauta.

Yawancin saƙonnin da kuke turo min tambaya ɗaya ce: in mutum zai zaga wuraren tarihi, waɗanne gwangwanaye ne bai kamata su wuce shi ba? Nakan ce a fara da na kusa da fadar Manhyia a nan Kumasi, don ba wuya, kuma mutum zai ga gari. In an gangara bakin teku akwai wani da aka maƙale a tsagar dutse ƙasan tsohuwar ganuwar Turawa, sai ruwa ya janye ake kaiwa gare shi. Akwai na hanyar Assin Manso, wanda na sha cizon tururuwa kafin in same shi. Amma akwai ɗaya da ban taɓa sakawa a jerin ba, kuma shi ne wanda ya fi zauna min a rai. Yau zan ba ku labarinsa.

Abokina ne ya koya min wasan. Tare muka taso a Zango, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, benci ɗaya muka zauna tun daga firamare. Da muka girma ni na kama koyarwa, shi ya buɗe shagon gyaran waya a Dichemso. Wata Baturiya ce ta kawo masa wayarta da ta fashe, tana jiran gyara tana ba shi labarin abin da take yawon nema, kafin ta tafi ya riga ya kamu. Ni kuma ya shafa min. Ranar da muka fara fita, ga mu nan manyan mutane biyu mun durƙusa muna tura hannu ƙarƙashin kwalbati a Manhyia, wata mai gasa ayaba ta tara mana jama'a da harshen Tuwi wai ga 'yan Zango suna binne asiri. Da ƙyar muka fahimtar da su. Abin da muka sha wahala a kansa kuwa, ɗan littafi ne da ruwa ya jiƙa da maɓallin riga guda ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani kafin in ci gaba. Shekara uku kafin tafiyar da zan faɗa muku, abokin nan nawa ya nemi auren ƙanwata. Suna son juna, kowa ya sani. Manyansa suka kawo goro gidanmu ranar da ba na nan, kafin la'asar an mayar musu da kayansu. Mahaifinmu ya rasu tun muna yara, don haka magana a hannun mahaifiyata take. Da na tambaye ta sai ta ce an yi istihara ba a ga alheri ba. Na ce to, Allah ya zaɓa mafi alheri. Ban ƙara tono maganar ba. Ƙanwata ta yi kukanta, bayan shekara ta auri wani a Atonsu. Abokina bai daina zuwa nemana ba, sai dai tun daga lokacin bai ƙara taka cikin gidanmu ba. A bakin ƙofa yake tsayawa ya kira ni a waya. Na lura, amma na ce a raina kunya ce, za ta wuce.

Wata rana ya ce min, "Aboki, akwai wani gwangwani a Salaga. Mutum huɗu kaɗai suka taɓa samunsa. Za ka?"

Ai ban bari ya rufe baki ba. Salaga garin kakanninmu ne, ban kuma taɓa zuwa ba. Tun ina ƙarami ake ba mu labarin kakan babana, wanda kuma shi ne kakan mahaifiyata, don iyayena 'yan wa da ƙani ne. Madugu ne, an ce ayarinsa in ya taso, na gaba ya sauka na baya bai ɗaura kaya ba. Ya kawo kanwa da tufafi daga ƙasar Hausa, ya koma da goro. Da Salaga ta watse ya gangaro Kumasi ya gina gidan da muke ciki. Takobinsa na nan rataye a ɗakin mahaifiyata.

Muka shiga trotro, motar haya, da sassafe, muka bi ta Ejura da Atebubu har Yeji, muka jira jirgin fito ya tsallakar da mu babban tafkin da ke wurin zuwa Makango. Duk tsawon hanyar nan bakina bai huta ba. Ina nuna masa daji ina cewa ta nan kakana ya bi da jakunansa, kamar ina wurin aka yi. A kan jirgin ma har wasu mata masu buhunan doya na tsare da tarihin gidanmu. Abokina yana jingine da ƙarfe yana kallon ruwa, in na juyo gare shi ya ce, "Haka ne." Na ɗauka jirin ruwa ke damunsa, har na sayo masa lemo.

Washegari da hantsi muka fita. A tsohuwar kasuwa muka sami wani dattijo da ke zagayawa da baƙi, Hausarsa tas, irin ta da. Ya nuna mana inda ake ɗaure mutane a rana, ya kai mu wani ɗaki ya fito mana da mari da sarƙoƙi. A cikinsu akwai wani mari ƙarami, da'irarsa ba ta fi bakin kofin shayi ba. Na tambaye shi na mene ne.

"Na yara," in ji shi.

Na ajiye shi da sauri. Don in kawar da abin da na ji, sai na ce, "Baba, ni ma jikan garin nan ne. Kakan babana madugu ne a nan. Amma shi goro da kanwa kawai ya yi."

Dattijon ya dube ni, ba da raini ba, kamar dai wanda ya sha jin maganar. Ya ce, "Ɗana, goron wa ke ɗauka a ka daga nan har Kano? Jaki yana da tsada, kuma yana mutuwa a hanya."

Na yi dariyar da ba ta da daɗi, na ce ai kowane gida da irin nasa. Bai musa min ba. Ya kai mu bayan gari wani fili mai rijiyoyi birjik, wasu sun rufta, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Ya ce sunan wurin Wankan Bayi. Nan ake kawo waɗanda suka iso da rai, a wanke su, a shafe su da man kaɗanya har fatarsu ta yi sheƙi, a ba su abinci na kwana biyu su ɗan ciko, sannan a kai su kasuwa. Waɗanda ba su tashi ba kuma, ya nuna can da sandarsa, akwai inda ake kira Rafin Angulu. Ya ce sunan ya ishe mu bayani. Daga nan ya yi mana sallama ya koma inuwa.

Wayata ta nuna saura taku ashirin. Na bi ta cikin ciyawa har gindin wata itaciya da saiwoyinta suka fito waje. Abokina bai taya ni nema ba, ya zauna kan wani dutse can gefe. Na tura hannu cikin wani kogo a tsakanin saiwoyin, na ture duwatsu biyu, na jawo gwangwanin madara da aka naɗe da baƙar leda. Na ɗaga shi sama ina ihu, "Na biyar! Ni ne na biyar!" A wurin nan fa. Har yau in na tuna ihun nan sai in ji kamar in nutse.

A ciki akwai wuri, irin kuɗin da, guda uku, da ɗan abin hannu na duwatsu, da littafin. Na buɗe shafin farko, inda mai gwangwani ke rubuta abin da yake so masu zuwa su sani. An yi rubutun da Turanci, a ƙasa kuma da Hausa. Ma'anarsa ita ce an ajiye wannan ne don tunawa da wata yarinya da aka wanke a ɗaya daga cikin rijiyoyin nan, tana da kamar shekara bakwai. Wani madugun goro ya saye ta, ta ɗauki kaya a ka ta bi shi har Kumasi. Ta girma a gidansa, ta haihu, ta mutu a ɗakin da ya ba ta a bayan gida. Jikokinta na nan har yau a bayan katangar.

Tun kafin in kai ƙarshe na gane hannun. Na yi shekaru ina kwafar amsa daga wannan hannun a aji. Yadda yake jan jelar harafin ƙarshe, ba wanda ke yin haka sai shi.

Na juyo. Yana kallona.

"Kai ka ajiye wannan?"

"Bara. Lokacin da na ce maka na je Tamale sayen kayan waya."

"Wace yarinya ce?"

"Kakar mahaifiyata."

"Madugun fa?"

Ya dube ni. Na gane kakana ne.

Ina so in ce muku a take na rungume shi na yi kuka. Ba haka aka yi ba. Fushi ne ya taso min, irin wanda ke zuwa wa mutum in an kama shi tsirara. Na ce, "Wato ka ɗauko ni tun daga Kumasi, ka bar ni ina ta zuba a mota, don ka zo nan ka ci mutuncina?"

Ya ce, "Shekara uku ina jira ka tambaye ni me aka faɗa wa kawunnaina ranar da suka kai goro. Ba ka tambaya ba."

"An ce istihara..."

"Ba wata istihara. Mahaifiyarka ta bar su a tsaye a tsakar gida, ba ta ko shimfiɗa musu tabarma ba. Ta ce su koma su tambayi tsofaffinsu ta yaya kakarsu ta shigo gidan nan. Ta ce ba a taɓa ba wa jikan baiwa 'yar gida ba, ba kuma a kanta za a fara ba. Kawuna mai shekara saba'in ya sunkuya ya ɗauki goron da kansa."

Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. Da ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi.

Ya ci gaba, "Ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa in ana suna ko biki a gidanku mahaifiyata ce ke kan murhu tun asuba, taka tana ɗaki da baƙi ba? Ba ka taɓa lura ba ta zama kan kujera a gidanku ba? Kai malami ne fa. Yara kake koya wa tarihi."

Abin da na ce masa shi ne mafi munin abin da ya taɓa fita daga bakina. Na ce, "To ni na saye ta?"

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya tashi ya karɓi gwangwanin daga hannuna a hankali, ya mayar da littafin, ya rufe, ya naɗe ledar, ya durƙusa ya tura shi cikin kogon ya jera duwatsun. Ban rubuta sunana ba, bai kuma ce in rubuta ba. Ya karkaɗe gwiwarsa ya ce zai bi ta Tamale, yana da abin yi a can. Ni kaɗai na koma Makango na hau jirgin.

Da na iso gida na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tsintar wake. Ko jakata ban ajiye ba na ce, "Mma, mutanen bayan gidan nan, me ke tsakaninmu da su?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Wa ya kai ka Salaga?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Ai na san za a rina." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "To ka ji. Sai me? Haka muka tarar. Kakana bai taɓa dukanta ba, shi ya aurar da ita, shi ya ba su filin da suke ciki. Da ta mutu mahaifina ne ya yi mata sutura. Akwai waɗanda aka kai bakin teku, wa ya ƙara jin labarinsu? Ita ta yi sa'a."

"Shekararta bakwai, Mma."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

"Kin ce min istihara aka yi."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Don na san ka. Ba ka son magana mai nauyi. In an ba ka mai sauƙi karɓa kake yi ka tafi."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifiyata mace ce mai sallar dare da azumin Litinin da Alhamis, maƙwabci bai taɓa kwana da yunwa tana da abinci ba. Kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda ta yi kuskure a wannan maganar ba. Na rasa yadda zan haɗa waɗannan biyun a mutum ɗaya, har yanzu ban iya ba.

Na je Atonsu wurin ƙanwata, ina tunanin zan kai mata labarin da zai girgiza ta. Tana goye da ɗanta tana shanya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yaya, ina bayan labule ranar. Da kunnena na ji. Na zaci ka sani ka yi shiru." Ta juya ta ci gaba da shanyarta. Na tsaya kaɗan, na ga ba ta da sauran abin faɗa min, na tafi.

Wata biyar muka yi ba ma magana da abokina. Daga baya na je shagonsa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ya yafe, na yarda ya yafe, amma ba mu ƙara fita farauta tare ba. Bayan shekara biyu ya tattara ya koma Tamale, ya yi aure a can. Muna gaisawa da Sallah. In 'ya'yansa sun zo hutu wurin kakarsu suna ce min kawu.

Na sha zama in yi tunanin abin da tafiyar nan ta koya min, kuma ba kakana ne ya fi damuna ba. Shi ya tafi, hisabinsa na wurin Allah. Ni ne. Na zauna benci ɗaya da mutum, na ci abinci a kwanonsa, aka wulaƙanta iyayensa a tsakar gidanmu, ya daina shiga ƙofarmu a kan idona, ban buɗe baki na ce me ya faru ba. Ina iya bin lamba a waya in tsallaka tafki don in nemo gwangwanin madara, amma abin da ke bayan katangarmu sai da aka rubuta min shi a takarda.

Abin da ya fi tsaya min a wuya kuwa ya faru ne bayan rasuwar mahaifiyata. Na yi niyyar in sa a yi saukar Alƙur'ani a yi wa yarinyar nan addu'a, a gidanmu, a gaban kowa. Liman ya ce in kawo sunan mamaciyar. Sai na zagaya bayan katanga na yi sallama da mahaifiyar abokina. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ɗaya ya daina gani. Na durƙusa na gaishe ta na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce Allah ya ba da lada, sannan ta faɗa min wani suna. Irin sunayen nan ne da mai gida ke sa wa abin da ya samu, mai nufin godiya ga Allah da ya ba shi.

Na ce, "Mma, wannan ai wanda aka sa mata ne a gidanmu. Na ainihin nake so, wanda iyayenta suka sa mata."

Ta ce, "Na taɓa tambayarta ina yarinya, ina tsefe mata kai. Ta ce tana tuna akwai dutse babba a bayan ɗakinsu, tana tuna uwarta tana da tsaga uku a nan," ta shafa kuncinta. "Sunan kuwa ta ce ta riƙe shi har Kumasi, tana faɗa wa kanta a hanya. Ta ce ba ta san ranar da ya ɓace mata ba."

Aka yi saukar ranar wata Juma'a bayan la'asar. Tsakar gidanmu ta cika. Da aka zo addu'a liman ya ɗaga murya ya ambaci sunan da kakana ya sa mata, sau uku, don ba mu da wani. Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.